Jan Ƙasa da Siminti: Wane Gini Ya Dace da Zafin Ƙasarmu?

 

An nemi in yi magana a kan gine-ginen da ba sa cutar da muhalli da irin kayan da ake yin su da shi. Batu ne mai faɗi, ana iya wuni ana lissafa gora da katako da duwatsu da faranten sola ba a kai ƙarshe ba. Ni zan tsaya a kan abu guda, wanda kowannenmu ya tako kafin ya shigo wannan zaure, wato ƙasa. Abin da nake so in tabbatar muku shi ne, a wannan yanki namu mai zafi da ƙarancin ruwan sama, babu kayan ginin da ya kai ƙasa dacewa da yanayinmu da aljihunmu, kuma laifuffukan da ake ɗora mata kowanne yana da magani sananne.

Mu fara da gidan da yawancinmu muke kwana a ciki yanzu. Bulon siminti ne mai inci 6 ko 9, cikinsa rami, sama rufin kwano, ƙarƙashinsa silin ɗan siriri. A watan Afrilu, a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi, zafi yana haura digiri 40 a inuwa, kwanon da rana ke duka kai tsaye kuwa yakan wuce 60. Da ƙarfe biyu na rana ɗakin ya zama kaskon tuya. Bangon ba shi da kaurin da zai tare zafin, kafin la'asar ya ratsa shi ya shiga ciki. Da dare kuma, lokacin da iska ta fara sanyi a waje, ɗaki yana nan riƙe da zafinsa. Shi ya sa za ka ga magidanci ya kashe miliyoyi ya gina gida, amma shi da iyalinsa suna shimfiɗa tabarma a tsakar gida tun daga Maris har saukar damina, sauro yana cizon yara. Mai hali ya sa na'urar sanyaya ɗaki, in wuta ta ɗauke ya tayar da janareta, maƙwabta su sha hayaƙi da ƙara. Kuɗin da aka kashe ranar gini somin taɓi ne, gidan zai ci gaba da cin mai da kuɗin wuta muddin yana tsaye.

Shi kansa simintin, ya kamata mu san yadda ake samunsa. Ana fasa dutsen farar ƙasa, a niƙa shi da yumɓu, a zuba cikin wani dogon tanderu mai juyawa, a gasa har zafi ya kai kimanin digiri 1,450. Kai wa wannan zafi yana cin gawayin kwal ko gas mai ɗimbin yawa. Amma fiye da rabin iskar kabon da masana'antar ke fitarwa daga jikin dutsen take fitowa, domin duk tan ɗaya na tsantsar dutsen farar ƙasa da aka gasa yana sakin kusan kilo 440 na iskar. Ko da hasken rana aka kunna tanderun, wannan kason yana nan. Duniya tana yin siminti wajen tan biliyan 4 a shekara, kusan rabinsa a ƙasar Sin, kuma masana sun ƙiyasta cewa kashi 7 zuwa 8 cikin ɗari na iskar kabon da ɗan Adam ke fitarwa daga nan take. Ga kuma yashi. Hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce ana kwasar yashi da tsakuwa kimanin tan biliyan 50 kowace shekara. Wannan ba sai an kawo mana rahoto ba, duk wanda ya ga tifofi suna jerin gwano a bakin kogunanmu, ya ga yadda gaɓa ke zaftarewa tana cin gonaki, ya san zancen.

Kada a fahimce ni a baibai. Ba na kiran a rufe masana'antun siminti na Obajana ko Ashaka ko Kalambaina ko Malbaza. Gada da madatsar ruwa da bene mai hawa goma suna buƙatar kankare, harsashin gidan ƙasa ma yana buƙatarsa, kamar yadda zan bayyana. Tambayata ita ce: don me za a zuba abu mai tsada haka, wanda buhunsa ya haura naira 10,000 a kasuwanni da yawa a farkon 2024, a bangon ɗakin kwana mai hawa ɗaya, inda aikin bango kawai ya ɗauki rufi ya tare rana?

Yanzu mu waiwayi abin da iyayenmu suka sani. Maginin Hausa ba ya ɗebo kowace ƙasa. Yana neman birji, jan nan mai ɗan tsakuwa a ciki, ya murza a tafin hannu, ya jiƙa ya dunƙula ya gani ko tana kama jikinta. A tara ta, a zuba ruwa, a watsa yankakkiyar ciyawa, wani lokaci da kashin doki, a shiga da ƙafa ana tattakawa. A bar ta ta kwana biyu ta ruɓa, a sake jiƙawa a sake takawa. Daga nan a cura tubali da hannu, gindi faffaɗa, kai tsini, a jera a rana ya bushe ƙamas. Wajen ɗora bango, ɗan aiki yana ƙasa yana jefa tubali, magini yana zaune bisa katanga yana cafewa, ya dasa shi tsini sama, ya jefa kwaɓaɓɓiyar ƙasa ta cike tsakani. Gindin bango yana da kauri sosai, yana tafiya sama yana sirancewa. Wannan kaurin shi ne sirrin sanyin soro. Zafin da ya bugi bayan bango da hantsi yana ɗaukar sa'o'i masu yawa kafin ya ratso ciki, kafin ya iso dare ya yi, iska ta huce, bangon ya mayar da yawancinsa waje. Da hunturu kuma lamarin ya juya, ɗumin rana ne yake isowa ɗaki da tsakar dare lokacin da ake nemansa.

Rufi kuwa na azara ne, wadda ake tsagawa daga kututturen giginya, itacen da gara ba ta cika yi masa illa ba. Azara ɗaya ba ta iya ɗaukar nauyin ƙasa in tazara ta wuce kimanin mita 2, to sai magina suka ƙirƙiro bakan gizo: a riƙa ɗaura azara kan azara daga bango biyu, kowace tana ɗan leƙo gaba, har su haɗu a tsakiya, a lulluɓe da ƙasa. Da wannan dabara Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wajen shekarun 1830 zuwa 1840, ginin da masana gine-gine daga ƙasashe da dama suka zo suka auna suka zana, har aka yi kwafinsa a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos. Hasumiyar masallacin Agadas, mai tsawon mita 27, tun 1515 aka fara gina ta, aka sake ɗaga ta a 1844, tana nan tsaye, kuma UNESCO ta sa tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya a 2013. Ga hasumiyar Gobarau a Katsina, ga Gidan Makama a Kano. Don kare bango daga ruwa kuma suna da makuba, da ake samu daga ɓawon ɗorawa, suna da laso, haɗin katsi na marina da gashin majema da dafara. Dubi yadda sharar wata sana'a take zama kayan aikin wata. In gida ya tsufa ya faɗi, ƙasarsa za a jiƙa a sake cura tubali, babu tarkacen da za a rasa inda za a kai.

Na san abin da ke ran wasunku, kuma kuna da gaskiya ku tambaya. Ba gidajen ƙasa ne ke rushewa kowace damina ba? Su ne. Ranar Juma'a 11 ga Agustan 2023, wani sashe na wannan masallaci na Zariya da na gama yabo ya rufta kan masu sallar la'asar, mutane suka rasa rayukansu, Allah Ya gafarta musu. A farkon Satumbar 2024 ruwan sama mai ƙarfi ya rushe tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram, wanda aka gina tun ƙarni na 19. A ƙauyukanmu kuwa, ba a shekara ba a ji katanga ta danne yara suna barci ba. Wanda ya binne ɗansa saboda faɗuwar bango, ba za ka je masa da zancen iskar kabon ba, kuma bai kamata ka je ba.

To amma mu duba yadda bangon ƙasa yake faɗuwa. Kusan kullum ruwa ne, kuma ta hanya uku yake shiga. Ta ƙasa, inda aka ɗora bango ba harsashin dutse, ko aka gina a kan hanyar ruwa, ko kwata ta toshe da leda ruwa ya kwanta a gindin katanga yana jiƙa ta har ta yi laushi. Ta sama, inda indararo ya karye ko ya toshe, ruwa ya taru a kan soro yana tsatsafowa. Ta uku ita ce wadda ta fi ba ni takaici, domin da kyakkyawar niyya ake yin ta: mutum ya samu ɗan kuɗi, ya ce bari ya gyara gidan mahaifinsa, sai ya sa a shafe bangon ƙasa da filastar siminti. Siminti da ƙasa ba sa miƙewa da tsukewa tare, saboda haka filastar tana tsagewa. Ruwa ya shiga ta tsagar, ya rasa hanyar fita domin siminti ya hana bangon shan iska. Daga waje gida sumul, ciki kuwa ƙasa tana narkewa, har ranar da za a ji rugugi. A da, kafin damina kowane gida yana yaɓe, ana hawa soro a duba indararo, a toshe tsaga, sarkin magina yana da ido a kan aikin yaransa. Yau matasa sun tafi neman kuɗi birni, ɗan magini ya koma buga bulo ko acaba, ruwan sama kuma ya ƙara ƙarfi a 'yan shekarun nan. Gidan da aka tsara shi a kan za a duba shi duk shekara, an bar shi shekara goma ba wanda ya hau kansa. Ita ma giginya ta yi ƙaranci, tana ɗaukar shekaru masu yawa kafin ta isa sara, mun sare ba mu dasa ba.

Saboda haka ba cewa nake a koma gini yadda aka yi shi a zamanin Babban Gwani ba tare da canza komai ba. Akwai waɗanda suka ɗauki wannan ilimi suka gyara rauninsa, kuma maƙwabtanmu ne.

Francis Kéré ɗan ƙauyen Gando ne a Burkina Faso, an haife shi a 1965. Yana ɗan shekara bakwai aka tura shi makaranta a Tenkodogo, ya yi karatu a ajin bulon siminti mai zafi da duhu, cike da yara. Ya koyi kafinta, ya samu tallafin karatu zuwa Jamus, ya shiga jami'a a Berlin yana koyon zanen gine-gine. Tun bai gama ba ya tara gudummawa ya dawo ya gina wa ƙauyensu makarantar firamare, aka kammala a 2001. Da ya ce da ƙasa za a yi, mutanen garin ba su ji daɗi ba, a ganinsu wanda ya je Turai siminti da ƙarfe ya kamata ya kawo. Ku saurari abin da ya yi. Ya ɗora ginin a kan harsashin dutse, yara suka taya tara duwatsun, mata suka ɗebo ruwa. Ya buga bulon jan ƙasa da ɗan siminti kaɗan a ciki, aka matse shi da injin hannu. Ya yi silin da bulon ƙasa, ya bar ƙofofin iska a jikinsa. Sa'an nan ya sa kwano, amma ya ɗaga shi sama a kan sandunan rodi da maƙeran wurin suka walda, ya bar sarari tsakaninsa da silin, ya kuma zarce da shi nesa da bango ta kowane gefe. Kwanon ya zama laima: yana tare rana, yana kore ruwa daga jikin bango. Iska mai zafi daga cikin aji tana tashi ta fita ta silin, mai sanyi tana shigowa ta tagogi. Babu fanka, babu janareta. Wannan makaranta mai aji uku ta ci lambar Aga Khan ta zanen gine-gine a 2004, kuma a 2022 Kéré ya zama ɗan Afirka na farko da aka ba lambar Pritzker, wadda babu ta sama da ita a fagen zanen gine-gine.

Misali na biyu a ƙasar Hausa yake, a jihar Tawa ta Nijar. A can aka yi wani gwanin magini, manomi ne kuma, Alhaji Falke Barmu, wanda ya fara gina masallacin Juma'a na Yama da ƙasa a 1962, daga baya ya ƙara masa hasumiyoyi huɗu, ba wadda ta yi kama da 'yar'uwarta. Masallacin ya ci lambar Aga Khan a 1986. Shi ne kuma ya tsara tsohon masallacin garin Dandaji. Da wannan masallaci ya tsufa ya kuma yi wa jama'a kaɗan, aka fara tunanin rushe shi a yi na kankare. Sai Mariam Issoufou Kamara, 'yar Nijar da ta bar aikin kwamfuta ta koma karatun gine-gine a Amurka, tare da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili 'yar Iran, suka kawo wata shawara: a gyara tsohon ya zama ɗakin karatu, a gina sabon masallaci a gefensa mai ɗaukar mutum 1,000, da matsattsen bulon jan ƙasar da aka haƙa a kusa da garin. Suka gayyato magina na gargajiya, ciki har da waɗanda suka yi aikin tsohon ginin, aka yi tare. Aka gama a 2018. Abin da ya fi burge ni a aikin Dandaji shi ne kuɗin aikin da yawansa a hannun mutanen yankin ya tsaya, magina kuma suka tashi da sabuwar sana'a a kan wadda suka gada. Ita Mariam ɗin tana cikin waɗanda suka gina rukunin gidajen nan na Niamey 2000, masu hawa biyu, a Yamai a 2016, don a nuna cewa ma'aikacin birni ma zai iya zama a gidan ƙasa ba tare da ya sunkuyar da kai ba.

Matsalar azara ma an samo mata hanya. Tun 1980 ake koyar da gini ba katako a Nijar, inda ake rufe ɗaki da ƙubba ko baka na bulon ƙasa zalla, dabarar da ta samo asali daga Nuba a bakin kogin Nilu, wadda Hassan Fathy na Masar ya farfaɗo da ita a shekarun 1940. A Boromo ta Burkina Faso kuma an kafa ƙungiya a 2000 da ke horar da magina wannan aiki, ta bazu zuwa Mali da Senegal da Ghana da Benin.

Ga magina da ke nan, bari in ɗan tsaya kan matsattsen bulon, don kada wani ya fita ya ce ya ji lacca, ya je ya yi aikin da zai zubar mana da mutunci. Ƙasar saman gona ba ta yi, ta cika ruɓaɓɓen ganye, kuma asara ce a ɗebe ta. A kankare ta a ajiye gefe, a haƙo ta ƙarƙashi. A gwada ta: a zuba cikin kwalba da ruwa, a girgiza, a bari ta kwanta, za a ga tsakuwa da yashi a ƙasa, laka a sama. In laka ta yi yawa bulo zai tsage, sai a ƙara yashi. In yashi ya yi yawa ba zai kama ba. A tankaɗe, a haɗa da siminti kashi 5 zuwa 8 cikin ɗari, a yayyafa ruwa kaɗan, daidai yadda in ka dunƙula a hannu za ta kama amma ba za ta jiƙa maka tafi ba. A matse a inji. Kuskuren da aka fi yi shi ne shanya shi a rana nan take kamar tubali. Wannan bulo inuwa yake so da danshi, a rufe shi da leda ana yayyafa masa ruwa, kada a ɗora shi a gini sai ya yi mako huɗu. Harsashi a yi shi da dutse ko kankare, a ɗaga shi sama da inda ruwa ke kaiwa, a shimfiɗa abin hana danshi kafin layin farko. Cibiyar binciken gine-gine da hanyoyi ta Najeriya, wadda aka kafa a 1978, ta daɗe tana ƙera irin waɗannan injina, saboda haka ba sai an yi odarsu daga waje ba. Gasasshen jan bulo kuwa, in da itace za a gasa shi, ina roƙo a yi hattara, dajin da ya rage mana bai kai mu ƙona shi a tanderu ba. Ramin da aka haƙa kuma a san yadda za a yi da shi tun kafin a fara, kada a ƙara mana kududdufan da ke tara sauro suna cinye yara.

Abin da ya rage shi ne mafi wuya, kuma ba a injin matse bulo yake ba. Raini ne. A yau in saurayi ya je neman aure aka ce gidansu na ƙasa ne, an gama bayaninsa. Magini mai tubali ana kallonsa a matsayin wanda zamani ya wuce, alhali abin da ke kansa wasu sai sun je jami'a a Faransa suke koyo. Talaka yana kwaikwayon mai kuɗi, mai kuɗi yana kwaikwayon gwamnati, saboda haka muddin kowace sakatariya da asibiti da makaranta bulo da kwano ce, lacca ɗari ba za ta sauya ra'ayin kowa ba. Ina kira ga sassan koyar da gine-gine na jami'o'inmu da kwalejojin fasaha su ɗauko tsofaffin magina su sa su gaban ɗalibai, a biya su kamar yadda ake biyan malami, tun kafin su ƙare. Hukumomin tsara birane su fitar da ƙa'idar ginin ƙasa a rubuce, domin mai neman izini ya san abin da za a duba, banki ma ya samu abin dogaro in zai ba da rance. Masarautu kuma su dawo wa sarkin magina da aikinsa na zagayawa kafin damina, ya ga bangon da ya tsage ya sa a fitar da mutane.

In akwai shugaban ƙaramar hukuma a cikinmu, ko wanda zai kai masa saƙo, ga roƙona, kuma bai fi ƙarfin kasafin shekara ɗaya ba. A makarantar firamare ta gaba da za ku gina, ku yi aji biyu da bulon siminti yadda kuka saba, aji biyu da matsattsen bulon ƙasa da ɗagaggen rufi. Ku rubuta abin da kowanne ya ci. Ku rataya ma'aunin zafi a kowane aji, ku sa ɗalibai su riƙa rubuta abin da ya nuna da ƙarfe ɗaya na rana tun daga Maris har ƙarshen Mayu, ku manna takardar a ƙofar sakatariya inda kowa zai gani. Bayan damina uku ku kira magina da iyayen yara su zo su duba bangon da hannunsu.

Nan zan dakata domin a samu lokacin tambayoyi, kuma ina so a fara ba magina dama.